Harshen Na'ura Mai Tsananin Sharaɗi: Wasa Ne Ko Ilmi?

Ya ku malamai da 'yan kasuwa. Ku sani kwamfuta ba ta aiki sai an ba ta umarni da harshen da aka tsara mata. To, akwai waɗansu masana da kan ƙago irin wannan harshe da gangan, su ƙuntata shi da sharuɗɗa masu ban mamaki.

A 1972, a Jami'ar Princeton ta Amurka, Don Woods da James Lyon suka ƙago INTERCAL. A cikinsa dole mai rubutu ya riƙa sa kalmar roƙo. In ya ƙaranta ta, na'ura ta ƙi aiki don rashin ladabinsa, in kuwa ya yawaita ta, ta ƙi don ladabin ya wuce kima. A 1993 Urban Müller ya yi wani mai umarni 8 kacal, amma duk lissafin da manyan harsuna ke yi shi ma yana iyawa, in an yi haƙuri. A 2003 aka fito da Whitespace a Ingila, wanda ba ya karanta baƙi, sai sararin da ke tsakanin kalmomi.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne. Ni ban yarda ba, gama malaman farko sun riga su. Duk wanda ya karanta Maƙamatul Hariri a zaurukan birnin Zazzau ya san huɗubar nan da babu harafi mai ɗigo a cikinta ko ɗaya, da baitocin da ake karantawa daga farko ko daga ƙarshe su fito daidai. Faili na Hindu ya yi tafsiri sukutum, Sawaɗi'ul Ilham, da haruffa marasa ɗigo, ya gama a 1002 ta Hijira. Hariri bai yi nasa don shashanci ba. Wanda aka hana shi rabin haruffa, tilas ya tono kalmomin da malalaci bai taɓa ji ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Amma fa kowane abu da muhallinsa. Ɗan kasuwa ba ya rubuta bashi da wasa ƙwaƙwalwa, haka nan ba a tsara lissafin banki da irin waɗannan harsuna. Amfaninsu shi ne horar da hankali.

Abin da ya fi shafarmu ga shi. Ramsey Nasser ya ƙago harshe mai suna Ƙalb da haruffan Larabci zalla, sai ta bayyana cewa yawancin kayan aikin na'ura an gina su kan boko, suna tuntuɓe da rubutun dama zuwa hagu. To, ina makomar ajaminmu? Tun 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira.

Saboda haka ina roƙon malamai kada su hana almajiri mai basira wannan fanni. Yaron da ya ƙware a hisabin abajada ya riga ya san yadda harafi ke zama adadi. Daga Ƙofar Kuyambana zuwa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba nisa. Attajirai su ɗauki nauyin karatun irin waɗannan yara, don a sami masu koya wa na'ura ajami.

Haza wasalam.