Kuskure Dabam, Maguɗi Dabam

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantun Azare da Madara da Cinade da sauran garuruwan ƙasar Katagum don gwajin koyarwa. Kowannenmu, ko yana so ko ba ya so, zai zama alƙali, a aji ko a filin ƙwallo ko wurin langa. To, da wane ma'auni za mu yi hukunci?

Akwai wani wasan karta da ya fito a Amurka cikin 1993, sunansa Magic: The Gathering, ana gasarsa a ƙasashe da yawa. Ba ina cewa mu koyi karta ba ne. Abin da nake so mu duba shi ne yadda alƙalansa ke horo. Horon nan hawa huɗu ne: gargaɗi, faɗuwa wasa guda, faɗuwa karawar duka, sa'an nan kora daga gasa. Kuma duk a rubuce suke tun kafin a zauna.

In mutum ya saɓa doka bisa mantuwa, galibi sai alƙali ya gyara wasan, ya rubuta masa gargaɗi. In ya maimaita kuskure iri ɗaya har sau 3, ya faɗi wasa guda. Amma ba a kiransa mai maguɗi sai alƙali ya tabbata ya san abin da ya yi laifi ne, kuma ya yi shi don neman riba. Wannan kam kora ce. Wanda bai yarda da hukunci ba yana da ikon kai ƙara gun babban alƙali.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun tuni shari'a ta raba kisan kuskure da na ganganci. Ko a dara, wanda ya jera 'ya'ya 4 yana zaton ya ci, ba ɗaya yake da wanda ya ture ɗa da gefen hannu sa'ad da abokin wasansa ya waiwaya ba. Amma a makarantunmu sau da yawa yaron da ya manta da wanda ya yi satar amsa horo ɗaya suke sha. Me wannan ke koya musu? Na farko ya koyi ɓoye kuskurensa, na biyu ya ga ashe maguɗi ba shi da tsada.

Wani zai ce malami ba ya ganin zuciyar yaro. Gaskiya ne. Amfanin rubuta gargaɗi ke nan, gama mai fakewa da mantuwa, littafi zai tona shi ran da ya maimaita. Shi kuwa mai gaskiya bai yi hasarar kome ba, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka ga shawarata. Kafin mu tafi, kowa ya rubuta laifuffuka da horon kowane, ya karanta wa yara ranar farko, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan hakimi da ɗan talaka ma'auni ɗaya. Kuma a bar yaro ya faɗi nasa kafin a yanke. Yaron da ya ga adalci a filin wasa, shi ne zai yi shi gobe in ya hau kujera.