Yunwar nan ba daga sama ta sauko ba

'Yan'uwa matasa, mu daina ɗora wa damina laifi. Ruwa na sauka a Sabon Birni da Isa, amma sai manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin girbi. Wanda ya kasa, ga shi nan Sakkwato yana bara, mutumin da jiya yake da rumbu cike. Shi ya sa kwanon gero ya gagare mu a Unguwar Rogo. Aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. Masu mulki fa? Sai zaɓe ya matso su aiko da taliya, mu kuwa, abin kunya, mu shiga layi muna tafi. In sun dawo, mu tambaye su wa zai tsare gonakin Goronyo.