Tayar Kamfani ko Tayar Kasuwa: Shekarun Roba da Zafin Kano

Kwanakin baya wani ɗan yayata ya sayi mota ƙirar Jamus, irin gajerun nan masu ƙofa biyu da samari ke kira motar tsere. Bai yi wata biyu da ita ba sai tayar gaba ta yi ƙari a gefe bayan ya faɗa wani rami, ya zo gidana da magariba yana cewa, “Kawu, ina so ka raka ni Sabon Gari gobe. Wasu sun ce kada in sa mata kowace taya sai irin wadda kamfani ya ɗaura mata, wasu kuma sun ce duk ɗaya ne.” Na ce masa ni malamin ilmin halittu ne, ba makanike ba. Ya ce ai shi ya sa ya zo wurina, domin makanikai uku ya tambaya, ya sami amsa uku.

Washegari muka zaga shagunan taya na wajejen France Road, muka dawo ta Fagge. Abin da aka shimfiɗa mana iri uku ne. Akwai sabuwar taya mai sunan kamfanin da motar ta zo da shi, kuɗinta kamar za a sayi babur. Akwai sabuwa daga kamfanonin Asiya waɗanda yawancinmu ba mu iya faɗin sunansu daidai ba. Sannan akwai ta ukun, wadda ita ce ta fi jan hankalin yaron: tayar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai aka kwaso, mai babban suna, zanenta da saura, an goge ta tana ƙyalli, kuɗinta kuma bai kai rabin na farkon ba. Mai shagon ya buga ta da tafin hannu ya ce, “Malam, wannan orijina ce, Bature ne ya hau ta.”

Ra'ayina, wanda na gaya wa yaron a nan take kuma nake so in bayyana dalilansa ga mai karatu, shi ne cewa a ƙasa mai zafi irin tamu, shekarun taya sun fi sunan da ke jikinta muhimmanci. Sabuwar taya ta matsakaicin kamfani, muddin ta dace da ma'aunin da maƙerin motar ya gindaya, ta fi tsohuwar taya mai babban suna aminci, komai kyawun zanenta.

Dalili na farko yana cikin asalin roba kanta, kuma a nan ne ilmin halittu ya shigo. Robar asali ruwan jikin bishiya ce, fari kamar nono, wanda ake tsaga bawo a tara. Bishiyar, mai suna Hevea brasiliensis, 'yar dazuzzukan Amazon ce, sai a shekarar 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kwashi irinta kimanin 70,000 zuwa lambun Kew, daga nan ta bazu zuwa Asiya da Afirka, har da gonakin da ke jihohin Edo da Delta a yau. Ɗanyar roba ba ta da wani amfani a titi, domin da zafi narkewa take yi ta yi danƙo, da sanyi kuma ta sandare. Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa idan aka dafa ta da farar wuta, sai dogayen sarƙoƙin ƙwayoyinta su ɗaure da juna, ta zama mai talewa ta koma yadda take. Tayar da ake hura wa iska kuwa, wanda ya yi rajistar ƙirarta a 1888, John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ne a birnin Belfast, saboda haka ba yau ne masu nazarin halittu suka fara tsoma baki a harkar taya ba.

To, wannan ɗaurin da farar wuta ta yi ba ya tsayawa yadda yake har abada. Iskar oksijin tana ratsa roba a hankali, daga waje da kuma daga iskar da aka hura a ciki, tana yanke wasu sarƙoƙin tana ƙara ɗaure wasu, har robar ta taurare ta rasa laushinta. Iskar ozon da hasken rana su kuma suna haifar da ƙananan tsagogin nan da ake gani a gefen tsohuwar taya kamar faso a diddige. Abin tsoron shi ne mafi munin ɓarnar a ciki take faruwa, a siririn shimfiɗin robar da ke riƙe da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zane. Ido ba ya ganin wurin, tafin hannun mai shago ma ba ya jin sa. Ranar da wannan riƙon ya saki ana cikin gudu, bayan tayar ɗaye kansa yake yi gaba ɗaya, kamar an fere rogo.

Muna koya wa ɗalibanmu na shekarar farko wata ƙa'ida: yawancin sauye-sauyen sinadarai, har da na cikin jikin mai rai, saurinsu kan ninka kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Kowace uwargida ta san wannan ba tare da ta shiga aji ba, domin miyar da ke kwana lafiya da hunturu, da bazara kafin la'asar ta yi tsami. Tsufan roba ma haka yake bin zafi. A Beljiyam yawancin ranakun shekara zafi ba ya kai digiri 25. A Kano kuwa watan Afrilu yakan kai 40 a inuwa, balle a kan kwalta da tsakar rana a hanyar Zariya ko ta Haɗeja. Tayar da ta riga ta ci shekara shida a can, ta zo nan da ragowar ƙarfinta, sai mu ɗora ta a kan wuta.

Wannan ba hasashen ɗakin gwaji ba ne kawai. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu waɗanda aka ɗaura wa motar Ford Explorer tun daga masana'anta, bayan da bayansu ya riƙa ɗayewa ana hasarar rayuka. Matsalar ta fi tsanani a jihohi masu zafi, kuma tun a 1999 an riga an fara sauya irin waɗannan tayoyi a Saudiyya. Mai karatu ya lura, tayoyin kamfani ne, ba na kasuwa ba. Ke nan kasancewar taya ta zo da mota ba ya zama laya a gare ta.

Ba ina nufin zaɓin kamfani ba shi da ma'ana ba ne. Manyan maƙera motoci kan sa a yi musu taya ta musamman, su buga mata alama: MO ga Mercedes, tauraro ga BMW, harafin N ga Porsche. An daidaita irin wannan taya da nauyin motar da birkinta da yadda take shan kwana, kuma wanda ke da hali ya same ta sabuwa, bai yi asara ba. Sai dai abin da ya zama wajibi a kiyaye shi ne ma'auni, ba suna ba. A jikin tayar yaron an rubuta 225/45 R17 91W. Ma'anarsa faɗinta milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 17. Lamba 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, harafin W kuma na nufin an gwada ta har gudun kilomita 270 a awa. Harafin H kilomita 210 ne, T kuma 190. Wani zai ce wa ke gudun 270 a titin Katsina? Babu, in ba mai neman ajalinsa ba. Amma harafin a haƙiƙa shaida ce ta yadda tayar ke jure zafin da gudu ke haifarwa, don haka sauka ƙasa da abin da aka rubuta rage wa kai rata ne a wurin da muka fi bukatarta. Akwai ma wani harafin dabam a jikin tayoyi da yawa, A ko B ko C, a gaban kalmar Turanci mai nufin zafi. Ni dai ba na sa wa motata mai C.

Ga kuma wani tarko da ba a cika magana a kansa ba. Cikin tayoyin Beljiyam akwai na hunturun Turai, masu hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙanƙara a ciki. An yi robarsu da laushi don ta kama titi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Zanensu zurfi gare shi, shi ya sa suke burge mai saye, amma a zafinmu saurin cinyewa suke yi, kuma birki ba ya kama su yadda ya kamata.

Yadda ake sanin shekarun taya abu ne da bai kamata a ce akwai direban da bai sani ba. A nemi haruffan DOT a gefenta, a bi layin har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka buga mana da tafin hannu tana ɗauke da 3717, wato mako na 37 na shekarar 2017. Ta ba shekara bakwai baya. Kamfanonin motoci da dama na cewa a sauya taya bayan shekara shida ko da zanenta bai cinye ba, masu yin tayar kuma sun sa shekara goma a matsayin iyakar ƙarshe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wa'azin shekara huɗu. Wasu na ganin hukumar ta tsananta. Ni idan na tuna ƙa'idar digiri 10 ɗin nan, ba na ganin ta yi nisa da gaskiya.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan raina shi ba. Direban tasi ko na bas da ke neman na cefane ba shi da kuɗin sababbin tayoyi huɗu. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke saye daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin abin da 'yan canji suka faɗa a Wapa. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma ga su nan jibge a bainar jama'a, saboda bukata ta fi doka ƙarfi. Ga irin wannan direba shawarata ita ce ya karanta lambobi huɗun nan kafin ya yi ciniki, ya leƙa cikin tayar ya ga ko an yi mata faci a gefe, ya kuma guji wadda aka sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi. Amma wanda ya iya sayen motar tsere ba shi da wannan uzuri.

Ba zan wuce ba sai na ambaci wani abu da ya shafi fannina kai tsaye. Sauron Asiya mai suna Aedes albopictus, mai yaɗa zazzaɓin dengi, ta cikin tsofaffin tayoyi ya zaga duniya, domin ƙwansa na jure bushewa a jikin robar har ruwa ya sake taɓa shi. An gan shi a Houston ta Amurka a 1985, an kuma same shi yana hayayyafa a jihar Delta a 1991. Duk tayar da aka yar a bayan shago da damina tafki ce ga sauro.

A ƙarshe yaron ya sayi sababbi biyu na wani kamfanin Koriya, ma'auninsu daidai da na asali, watanninsu bakwai da fitowa daga masana'anta. Na sa aka ɗaura su a baya, aka mayar da na bayan gaba, domin idan ƙafar baya ta sulɓe a kwana sitiyari ba ya iya ceto. Ya so ya ƙara girman wili zuwa inci 19 don ado, na tuna masa cewa gefen tayarsa santimita 10 ne kacal, alhali na tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ya kai kusan 14, kuma wannan tazarar ce ke shanye dukan rami. Da muka je wurin mai faci, ya ɗauko tiyo zai hura mata yadda ya saba, sai na buɗe ƙofar direba na nuna masa takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙi, mai ɗauke da adadin iskar da ta dace. Ya duba ya ce, “Malam, shekara goma sha biyar ina wannan aiki, ban taɓa sanin akwai rubutu a nan ba.”