ZARE: Ruwa ya yi garau ba yana nufin ya shawu ba

1/ Jama'a, bidiyon nan da kuke ta yaɗawa, na gayen da ya yanke robar ruwa ya cusa auduga da gawayi da yashi, ya tace ruwan kwata ya kwankwaɗe a gaban kyamara, don Allah ku daina tura wa iyayenmu. Abin nan zai iya kashe yaro. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ni ba na faɗa da yashi. Tace ruwa da yashi yana cikin dabarun da suka fi ceton rayuka a tarihin ruwan sha. Abin da ke ƙona min rai shi ne an ɗauki ilimi na gaske an mai da shi siddabarun minti biyu don neman mabiya.

3/ Tun 1829 wani injiniya, James Simpson, ya gina wa wani kamfanin ruwa a Landan matatar yashi mai tacewa a hankali. A lokacin ba a ma gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kwalara ba. Har gobe wani kaso na ruwan Landan ta cikin irin wannan yashin yake bi. Masu cewa ƙauyanci ne, kun ji.

4/ A 1892 kwalara ta ɓarke a Hambog ta ƙasar Jamus, ta kashe sama da mutum 8,000. Garin Altona yana manne da ita, kogi ɗaya suke sha, Altona ce ma a ƙasa inda ƙazantar Hambog ke gangarowa. Amma Altona na tace ruwanta da yashi, Hambog ba ta yi. Annobar ba ta yi wa Altona ko kusa da wannan ɓarnar ba.

5/ To me ke aikin a ciki? Nan ne mai bidiyo bai gaya muku ba. Babbar matata tana da yashi mai laushi, zurfinsa wajen mita ɗaya, ruwa na tsiyaya santimita 10 zuwa 30 kacal a awa guda. A saman yashin wani yauƙi yake taruwa. Jamusawa suka sa masa suna Schmutzdecke, wato bargon datti.

6/ Bargon nan mai rai ne. Akwai bakteriya a ciki, akwai gansakuka, akwai wasu ƙananan halittu da abincinsu shi ne cinye bakteriya. Ƙwayar cuta ta shigo, ko ta maƙale a yauƙin, ko a cinye ta, ko ta gangara can ƙasa inda babu abinci yunwa ta ƙarasa ta.

7/ Kuma bargon ba ya samuwa rana ɗaya. Matatar gida kan ɗauki kamar wata guda kafin ta nuna. Robar da aka haɗa yanzu, ruwa ya zuba shaaa cikin minti biyu, wane bargo ke cikinta? Rariya ce kawai. Ta kama laka, ruwa ya yi kyau a ido, ƙwayar taifod da ta kwalara sun wuce abinsu. Kyan ɗan maciji ke nan.

8/ Na ga wannan a gidanmu. Wata ƙungiya ta raba matatar yashi ta siminti a ƙauyenmu, Gwaggona ta samu ɗaya. Wata uku tana aiki lafiya lau. Rannan surukarta ta buɗe murfi, ta ga yauƙi, ta ce subhanallahi wannan ƙazanta muke sha? Ta kwashe yashin tas, ta wanke da omo, ta shanya a rana.

9/ Ruwan ya ci gaba da fitowa garau, har ya fi da gudu, kowa na sa mata albarka. Kafin sati biyu jikoki biyu sun kwanta da gudawa. Gwaggo ta kira ni tana cewa, "Kai ɗan nan, ashe abin naku na boko ma ƙarya ne?" Na ce Gwaggo, ai ma'aikatan aka kashe. Laifin na waɗanda suka sauke kaya suka ɗau hoto suka tafi ba bayani ne.

10/ In kuna da irinta a gida: kar yashin ya bushe, a bar ruwa kamar santimita 5 a kansa kullum. Kar a zuba kulorin ko ruwan zafi ta sama. A yi amfani da ita kullum, da ruwan wuri ɗaya. In ta toshe, saman kawai ake motsawa a hankali a kwashe ruwan dattin. Kulorin bayan an tace ake sa shi, a cikin mazubi mai murfi, don ba duka ƙwayoyin bairas yashi ke kamawa ba.

11/ Yanzu ga babbar ƙaryar. Mai bidiyo ya ce robarsa na cire "duk wata guba". Ko matata ta gaske ba ta isa ta yi wannan alƙawarin ba. Ƙwayar cuta halitta ce, tana mutuwa. Ƙarfen da ya narke a ruwa ba ya mutuwa. Sai dai a kama shi a ajiye wani wuri, ko ya wuce cikin cikinka.

12/ Akwai waɗanda yashi ke iya wa. Kun san burtsatsen da ruwanta ke fitowa fari, ya kwana a randa ya koma ja, ya ɓata farar shadda? Narkakken ƙarfe ne, ya haɗu da iska ya zama tsatsa. Da ya zama tsatsa yashi ya kama shi, kuma akwai bakteriyar da ke hanzarta wannan juyin.

13/ Haka manganis, mai barin baƙin tabo a kwano da tufafi. Wasu bakteriya na mai da shi daskararre, ya lulluɓe ƙwayoyin yashi da baƙi. Amma sai matatar ta yi makonni, wani lokaci watanni, kafin ta ƙware a wannan. Kun ga nan ma masu rai ne ke aikin, kuma ba sa gaggawa.

14/ Abin sha'awa, tsatsar nan kanta tana damƙe gubar asenik. Shi ya sa a Nefal, inda rijiyoyi da yawa ke da asenik, aka ƙera matatar yashi da ake jibge ƙusoshi a samanta don su yi tsatsa. A Bangaladash ma matatar SONO da ƙarfe take aiki. Ƙarfen ne ke kamun. Yashi zalla ba abin dogaro ba ne a nan.

15/ Sai dalma. Ba ta da launi a ruwa, ba wari, ba ɗanɗano. Yashi zai iya riƙe wadda ta maƙale a jikin laka, amma ba mai hankalin da zai ɗora ran ɗansa a kan haka. Tafasawa ma ba ta cire ta, ruwan ne ke ƙonewa ita ta zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da aka san ba ya cutarwa.

16/ Mu ba sai an ba mu labari ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara, yankin Anka da Bukkuyum. Yawancinta daga ƙurar niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, amma an riƙa wanke ƙasar a kududdufai ma. A 2015 ta sake kashe yara a jihar Neja. Yanzu ka tura wa ɗan irin wannan ƙauyen bidiyon roba?

17/ 'Yan uwanmu na Nijar su ma sun san Tibiri ta jihar Maraɗi, inda fuloraid da ya yi yawa a ruwan famfo ya lalata haƙora ya tanƙwara ƙasusuwan yara. Fuloraid ba ƙarfe ba ne, amma darasin ɗaya ne: ruwan fari tas yake, kuma yashi ba ya cire shi. Haka gishiri, haka takin zamani da ya narke ya shiga rijiya.

18/ Na san wani zai ce, to malam talaka ya yi yaya, ba gara robar da babu ba? A'a. Wanda ya san ruwansa na kududdufi ne zai tafasa. Wanda ka gaya wa robar ta gama komai ya daina tafasawa. Ka cire masa tsoron da ke kare shi, ba ka ba shi komai a madadin ba.

19/ Abin yi: in damuwarka gudawa da taifod ne, matatar yashi ta gaske, sannan kulorin ko tafasawa. In kuna kusa da wurin haƙar ma'adinai, ko majema, ko masu fasa tsohon batir, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Yashin da aka kankare daga irin wannan matatar kuma kar a zubar inda yara ke wasa ko a lambu, ƙarfen na ciki.

20/ Mu matasa kuma mu canja tambaya. Duk wanda ya zo buɗe burtsatse da tambari da 'yan rawa, bayan tafi a tambaye shi: ina takardar gwajin ruwan? Me aka auna, yaushe? In babu, rami kawai ya haƙa mana.

21/ In ka riga ka tura bidiyon nan a zauren WhatsApp na danginku, koma ka goge, ka tura wannan a madadinsa. In kuma Gwaggonka na da matata a tsakar gida, kira ta yau ka ce kar a taɓa yauƙin nan. Allah ya tsare mana yaranmu.