Ɗalibi mai wa'azi a jami'o'in Japan: Mu auna kanmu da mudun da muke auna shi

Kwanakin baya wani mai sauraron gidan rediyonmu na nan Gadarif ya nuna mana wani labari a wayarsa, na wani ɗalibi Kirista da ya yi amfani da hutun makaranta ya tafi ƙasar Japan domin yin bishara a harabar jami'o'in can. 'Yan cocinsu ne suka tara masa kuɗin jirgi, ya yi 'yan makonni yana jan ɗalibai da hira a wuraren cin abinci, sannan ya koma gida yana ba da labari. Mai sauraron namu ya ce, "Malam, ku gaya wa jama'a su farka. Ga 'ya'yan mutane har Japan, namu kuwa suna gindin bishiya suna shan shayi."

Mun ji zafin da ke cikin maganarsa, amma mu a namu ganin nisan tafiya ba shi ne abin dubawa ba. Abin tambaya a nan shi ne, da wace fuska mai wa'azi yake shiga cikin mutanen da ba nasa ba? Ko Kirista ne ko Musulmi, wajibi ne ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi tun daga bakin ƙofa, kada kuma ya mayar da buƙatar mutum ta zama ƙugiyar kama shi.

Sanin kowa ne cewa irin wannan tafiya ba sabon abu ba ce. Ƙungiyar Campus Crusade for Christ, wadda Bill Bright ya kafa a wata jami'a ta birnin Los Angeles a 1951, ta daɗe tana tura ɗalibai ƙasashen waje a lokacin hutu. Su ma Kiristocin Japan suna da tasu ƙungiyar ɗaliban mai suna KGK tun 1947. Tsarin mulkin ƙasar na 1947 ya ba kowa 'yancin addini, saboda haka babu laifin da ɗalibin nan ya yi a gaban doka. Sai dai hanyar da baƙi da yawa suke bi ita ce gayyatar ɗalibai zuwa hirar koyon Turanci, domin sun san matasan Japan suna sha'awar wannan harshe. Idan an faɗa wa yaro tun farko cewa bayan Turancin akwai karatun Littafi Mai Tsarki, to babu abin cewa, ya zo da idonsa a buɗe. Idan kuwa sai da ya saki jiki sannan aka fito masa da maganar, to an yi masa wayo, ko da kuwa wanda ya yi hakan yana ganin alheri yake nufi.

Mai karatu, tarihin Japan kansa ya isa malami a wannan batu. Francis Xavier ya sauka a Kagoshima a 1549. Da yake bai iya harshen ba, sai ya dogara da tafinta, ya riƙa kiran Ubangiji da sunan Dainichi, bai san cewa suna ne da mabiya wata ɗariƙar addinin Buddha suke girmamawa ba. Malaman ɗariƙar suka yi ta maraba da shi suna zaton nasu ne, har sai da ya gane kuskurensa ya canza kalmar. A 1597 aka gicciye Kiristoci 26 a Nagasaki, a 1614 aka haramta addinin baki ɗaya. Duk da haka wasu iyalai suka riƙe imaninsu a ɓoye, kaka da kakanni, sama da shekara ɗari biyu, har suka bayyana kansu ga wani limamin coci Bafaranshe a Nagasaki a 1865. Sai a 1873 aka janye haramcin.

To, bayan duk wannan ɗawainiya ta fiye da shekara 470, Kiristocin Japan ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Amma kuma makarantun da suka kafa, irin su jami'ar Doshisha da aka fara a 1875 da ta Sophia ta 1913, suna cikin waɗanda ake ji da su, kuma iyayen da ba Kiristoci ba suna tura 'ya'yansu can ba tare da fargaba ba, domin kuwa kowa ya san ko su wane ne masu makarantar. Haka nan William Clark, Ba'amurken da ya je kwalejin aikin gona ta Sapporo a 1876, wata takwas kacal ya yi, amma bai ɓoye addininsa ga hukumar da ta ɗauke shi aiki ba. Ɗalibansa suka karɓa da son ransu, suka kuma jawo na bayansu, cikinsu har da Nitobe Inazo wanda daga baya aka sa hotonsa a takardar kuɗin ƙasar.

Abin da Japan ta tsana shi ne mai zuwa da rufaffiyar fuska, kuma tana da dalili. Ranar 20 ga Maris, 1995, 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo, fiye da mutum goma suka mutu, dubbai suka jikkata. Ƙungiyar ba ta Kiristoci ba ce, amma abin da ya girgiza jama'a shi ne cikin manyanta akwai waɗanda suka fito daga fitattun jami'o'i, kuma an san tana jawo matasa ta hanyar azuzuwan motsa jiki. Bugu da ƙari, a Yulin 2022 aka harbe tsohon Firayim Minista Shinzo Abe a garin Nara, wanda ya harbe shi kuma ya ce gudummawar da mahaifiyarsa ta yi ta ba Cocin Haɗin Kai na Sun Myung Moon ita ta talauta gidansu. A Maris na 2025 wata kotu a Tokyo ta ba da umurnin rushe rajistar cocin. Wannan ya sa jami'o'i da yawa suke gargaɗin sababbin ɗalibai game da ƙungiyoyin da ke ɓoye sunansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma abin baƙin ciki shi ne mai gaskiya ma yakan faɗa cikin zargin da maƙaryaci ya jawo.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan labari. A 1900 wasu matasan Ingila na mishan ɗin CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su tattara nasu ya nasu su fita. Cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda kafin ya taho sai da ya zauna a Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan can. Ya dawo ya zauna a birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da wurin ba da magani, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa. Da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma daga makarantar nan aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya. Mutum yana iya ƙin abin da Miller ya zo da shi, kuma mafi yawan Zazzagawa sun ƙi, amma babu wanda zai ce bai san abin da ya kawo shi ba. Ya koyi harshenmu, ya tsufa a cikinmu, ya rasu a 1952.

Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka suka yada zango a wannan ƙasa, da waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, su ma baƙi ne a lokacin. Sun yi noma, sun buɗe makarantun allo, sun koyi Larabcin Sudan, maƙwabta suka gan su a kasuwa da gona kafin su saurare su a masallaci.

Yanzu bari mu dawo gida, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jihar Gadarif ta cika da mutanen da buƙata ta durƙusar. Tun Nuwamban 2020 aka sake buɗe sansanin Um Rakuba saboda 'yan gudun hijirar yaƙin Tigray na Habasha, aka ƙara da na Tunaidba, kuma akasarinsu Kiristoci ne. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, sai ga 'yan'uwanmu daga Hartum, sannan daga Wad Madani a Disambar wannan shekara, sannan daga Sinja a 2024, har makarantu suka zama ɗakunan kwana. Matasanmu, ciki har da ɗaliban jami'a, sun yi abin a yaba wajen dafa abinci da ɗebo ruwa, Allah Ya saka musu da alheri.

Amma mun taɓa ganin wani abu da idonmu da ya dame mu. A wani wurin rabon abinci, an tara mata da yara a rana aka ce sai an gama wa'azi za a buɗe tukunya. Wata tsohuwa mai gicciye a goshi ta zauna shiru tana kallon tukunyar, ko kalma ɗaya ba ta ji, domin ba ta jin Larabci. Masu abin sun tafi suna murna sun yi da'awa. Mu kuwa muka ce, da a ce wani ne ya yi wa iyayenmu haka a ƙasar da mu ne 'yan tsiraru, da wane suna za mu kira shi?

Wani zai ce ai wannan hikima ce, kuma kowane mai kira yana neman ƙofar shiga. Gaskiya ne, amma hikima ita ce zaɓen lokaci da lafazi mai daɗi, da sanin harshen wanda kake wa magana. Ɓoye manufa sunansa yaudara. Addininmu ya hana tilasta wa mutum imani, kuma yunwa tana tilastawa fiye da bulala. Wanda ya amsa maka saboda kwanon abinci, ranar da kwanon ya ƙare zai koma inda ya fito, ya tafi kuma da mummunan zato ga duk mai irin tufarka.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da malaman da ke shirya ayarin da'awa, da takwarorinsu na coci-coci a wannan gari, da su raba rabon agaji da zaman wa'azi. A ba mai jin yunwa abincinsa ba tare da sharaɗi ba, a sanar da lokacin wa'azi daban, mai so ya zo. Duk wanda za a tura cikin Habashawa, a fara koya masa ko da gaisuwa ce da Tigiriniya ko Amhariya. Muna kuma kira ga iyaye, duk ƙungiyar da ta gayyaci ɗanku, ku tambayi sunanta da shugabanta da inda take samun kuɗi. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Shi kuwa mai sauraronmu da ke son ganin yaranmu a Japan, muna taya shi fata. Akwai masallaci a Kobe tun 1935, akwai babba a Tokyo, ƙofa a buɗe take. Sai dai duk yaron da bai iya mutunta tsohuwar Um Rakuba da ke kusa da shi ba, kada a wahalar da jama'a da tara masa kuɗin jirgi. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya sa mu dace, amin.