Kafin a Ɗora Bulo: Haƙƙin Maƙwabci da Izinin Hukuma a Gyaran Makarantunmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Da zarar damina ta ɗauke, aka kai gero da dawa rumbu, sai lokacin gini ya kama a garuruwanmu na arewacin Kano. Duk wanda ya bi hanyar Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ya ratsa ta Dambatta zuwa Makoɗa da Ƙunci, zai ga tarin yashi da bulo a ƙofar makarantun Islamiyya da na boko masu zaman kansu. Wasu na sauya ginin ƙasa da na siminti, wasu na kewaye haraba da katanga, wasu kuma na shirin ɗora bene saboda ɗalibai sun yi wa azuzuwa yawa. Abin farin ciki ne, kuma muna yi wa masu wannan hidima fatan lada. Sai dai akwai tambayoyi biyu da muka lura ana tsallakewa kafin a fara aikin: shin an zauna da maƙwabta, kuma shin hukuma ta sani ta amince?

Mun ga illar tsallake su da idonmu. A wani gari da muke limanci akwai tsohuwar Islamiyya ta ginin ƙasa, wadda wani ɗan garin da ke fatauci a kudu ya aiko da kuɗin sabunta ta. Kwamitin makarantar mutanen kirki ne, ba a zargin ɗayansu da cin ko sisi. Amma saboda ɗoki, sai aka ja katanga ta ɗan shiga hanyar da amalanke ke bi zuwa gonaki, aka juya indararon sabon rufin kwano ya fuskanci katangar ƙasa ta wata tsohuwa mai riƙon marayu, aka kuma haƙa ramin masai kusa da rijiyar wani gida. Da ruwan Agusta ya sauka, katangar tsohuwar ta jiƙe ta zube. Magana ta je gaban dagaci, daga nan ta kai ga hakimi, aka dakatar da aiki. Siminti ya daskare a ɗakin ajiya, gari ya rabu biyu, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Mu ma muna da kaso a laifin, domin mu muka hau mumbari muka nemi gudummawa ba tare da mun tambayi ko an ji ta bakin masu kewaye da makarantar ba. Abin da ya kashe wutar a ƙarshe zama ne na yini guda, wanda da an yi shi tun farko da babu abin da ya zube.

Kuskuren da ya jefa mu a wannan hali shi ne zaton cewa kyakkyawar niyya tana ɗauke wa aiki nauyin haƙƙin mutane. Tarihin masallacin Madina kaɗai ya isa ya kawar da wannan zato. Filin da aka gina shi a shekarar farko ta Hijira mallakar wasu marayu biyu ne na Banu Najjar, Sahlu da Suhailu. Sun so su bayar kyauta, amma Manzon Allah (SAW) bai karɓa ba sai da aka saya. Haka kuma masana tarihi sun ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin, gidan Abbas ɗan Abdulmuɗɗalib ya tare hanya, Abbas kuwa ya ƙi sayarwa. Halifa bai sa an rushe ba. Suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'ab, hukunci ya ba Abbas gaskiya, sannan shi da kansa ya bayar da gidan sadaka. In har masallacin Annabi bai ci taku ɗaya na filin wani ba sai da yardarsa, wace makaranta ce za ta ce ita ta fi ƙarfin neman yarda?

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi wa wannan babi bayani dalla-dalla, bisa ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ya hana mutum ya buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi, ko da a cikin filin kansa ne. A ƙarni na 14 Miladiyya, wani magini a birnin Tunis mai suna Ibn Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen katanga da magudanar ruwa da hayaƙi da wari da tsare hanya. Hadisi ingantacce ya ƙayyade faɗin hanya da kamu bakwai idan aka yi saɓani a kanta, wani kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani. Ashe abin da ake kira tsarin gine-gine a yau yana da tushe a fiƙihunmu tun kafin a kafa ma'aikatu.

Wannan magana ta fi nauyi a yankinmu fiye da wurare da yawa. Ƙasar da ke kewaye da Kano tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, gida na manne da gona, ana noma kowane fegi shekara bayan shekara da taimakon taki, kuma rabon gado na ƙara tsaga shi. Babu wani fili da ba shi da mai shi. Abin da baƙo zai ɗauka kango ne, sau da yawa burtali ne na shanu, ko hanyar da ruwa ke bi zuwa kududdufi, ko gefen maƙabarta, ko gadon marayun da ba a raba ba. Saboda haka makaranta ba ta iya faɗaɗa sai ta taɓa wani. Katangar da ta toshe burtali takan tura dabbobi cikin shuka, rigimar manomi da makiyayi ta taso daga inda ba a zata ba. Harabar da aka cike da ƙasa aka ɗaga takan juya ruwa cikin gidajen da ke ƙasa da ita. Benen da aka ɗora a tsakiyar gidajen da ba su da rufin tsakar gida yakan tone sirrin iyalai da dama a lokaci guda.

Game da hukuma kuwa, ya kamata masu makarantu su san inda ake dosa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. A birni da yankunan da aka ayyana, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ita ke duba taswirar gini ta ba da izini. Jihar Kano tana da hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, tana kuma da hukumar kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya. A ƙasa da waɗannan akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda su suka san iyakar kowace gona da tarihinta. Ba mu manta ba cewa a watan Janairu na 2022, bayan kisan gillar da aka yi wa yarinya Hanifa, gwamnatin jiha ta soke takardun izinin makarantu masu zaman kansu, ta ce kowa ya sake zuwa a tantance shi. Makarantar da ba ta da takarda tana zaune ne a kan rashin tabbas, komai kyan gininta.

Wani zai ce ai neman izini ɓata lokaci ne, takarda kan kwana a ofis wata da watanni, wani jami'in ma sai an ba shi na goro, alhali farashin siminti na tashi kullum. Wannan koke gaskiya ne, kuma ba za mu rufe shi ba. Amma mu auna shi da abin da ke ɗaya gefen. A ranar 12 ga Yuli, 2024, benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. A watan Nuwamba na 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasa rayukansu. Tsohon harsashin da aka yi domin ɗaki ɗaya ba lallai ne ya ɗauki bene ba, kuma magini, komai ƙwarewarsa, ba ya maye gurbin injiniyan da zai lissafa rodi da nauyi. Kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma biyayya ga shugabanni a cikin abin da yake maslaha ce ta jama'a wajibi ne. Jinkirin wata uku ya fi jana'izar yaro ɗaya sauƙi.

Wani kuma zai ce maƙwabcin nasa ɗan hassada ne, ko kuwa bambancin aƙida ne ya sa yake adawa da makarantar. Wannan ma yana faruwa. Amsar ita ce Shari'a ta ba maƙwabci haƙƙin a kawar masa da cuta, amma ba ta ba shi ikon hana alheri don son zuciya ba. Hasali ma hadisi ya kwaɗaitar da shi kada ya hana ɗan'uwansa kafa itace a jikin katangarsa. Hanyar bambance mai koke na gaskiya da mai neman fitina ita ce a zauna a bainar jama'a, kowa ya faɗi cutar da yake tsoro, a je a gani da ido. Wanda ya ce ruwa zai shigo masa, a juya indararo. Wanda ya ce za a hango iyalinsa, a ɗaga taga sama da tsayin mutum ko a mayar da ita wani ɓangare. Wanda ba shi da abin faɗa sai ƙiyayya, jama'a za su gane, kuma dagaci zai san abin yi.

Shawararmu ga kwamitocin makarantu ita ce su bi abin daki-daki. A fara tabbatar da asalin filin, in saye ne ko kyauta ko waƙafi, a rubuta da shaidu, kuma kada a karɓi kyautar filin da marayu ke da rabo a ciki. Sannan a kira maƙwabta na kusa gaban mai unguwa tun kafin a sayi bulo, a nuna musu inda katanga da ƙofa da masai da magudanar ruwa za su kasance. Kada a manta da matan da ke cikin gida, domin su suka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya da inda ido ke leƙowa, sai a aika wadda za ta ji ta bakinsu. A rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu, dagaci ya shaida. Bayan haka a kai taswira ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ko hukumar da abin ya shafa, a gayyaci duba-gari ya duba tazarar masai da rijiya, a sanar da hukumar da makarantar ke ƙarƙashinta. Kuɗin wannan duka a sa shi cikin lissafin gini tun farko, a kuma gaya wa mai bayar da gudummawa gaskiya cewa sadakarsa ba za ta cika da zaluntar wani ba.

Jami'an hukuma su ma su ji tsoron Allah. Wanda ya danne takardar makaranta don a ba shi wani abu, shi ke koya wa mutane gini a ɓoye, wanda kuma ya sa hannu a kan ginin da bai je ya gani ba, yana da kaso a duk abin da ya biyo baya. Mu limamai da masu wa'azi kuwa, kafin mu sake neman gudummawar gini a kan mumbari, mu tambaya ko an zauna da maƙwabta, ko takarda ta fito. Yaran da za su zauna a waɗannan azuzuwa za a karantar da su babin haƙƙin maƙwabci, kuma suna da idon ganin ko katangar makarantarsu ta kiyaye shi.

Allah Ya sanya albarka a makarantunmu, Ya tsare 'ya'yanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna. Amin.