SHARHI: Inda Ya Kamata Sabon Mai Zuba Jari A Gombe Ya Fara

Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, da Gombe ta zama babban birnin jiha, kuɗi ke shigowa garin ta hanyar albashi da kwangila da cinikin filaye. Sai dai ma'aikacin da ya tara ɗan abin da ya tara, ko matashin da ya karɓi gado, yakan rasa inda zai fara zuba shi.

Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya nufi kasuwar Tudun Hatsi da kaka, ya sayi masara ko wake, ya ajiye sai damina ta kankama. Shawarar tana da tushe, domin haja ce da yake gani da idonsa. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a watan Yuli na 2024, farashin hatsi ya faɗi a 2025, kuma da yawa daga waɗanda suka saya da tsada sun sayar da hasara, ban da kuɗin sito da dako da maganin ƙwari. Babban dillali kan iya jure wannan. Wanda ya zuba dukan abin da ya mallaka ba zai iya ba.

Hannun jari ma yana da nasa. Idan dai ba a manta ba, rushewar kasuwar hannayen jari a 2008 ta fi jigata waɗanda suka ci bashin banki suka saya. Ko kamfanin simintin Ashaka, da jama'ar jihar ke tinƙaho da shi, an cire shi daga kasuwar a 2017.

Don haka abin da ya fi dacewa shi ne sabon shiga ya ware kaso mai tsoka ya sa a takardun Sukuk na Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka fara sayarwa a 2017 da Naira miliyan dubu 100 domin gina hanyoyi. Da Naira 10,000 ana iya shiga, kuma ribar kuɗin haya ce ba ruwa ba, abin da ke kwantar da hankalin 'yan kasuwa da dama. Gaskiya ne hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, takan cinye ribar, amma uwar kuɗin tana komawa ga mai ita. Ragowar sai ya gwada hatsi da buhuna kaɗan, a ƙarƙashin wanda ya san kasuwar.

Amma duk wanda ya yi masa alkawarin ƙazamar riba cikin wata guda, kamar yadda MMM ta yi kafin ta durƙushe a Disambar 2016, da CBEX a Afrilun 2025, to ya fara bincika ko yana da rajista da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta Ƙasa.